Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ogannin masu wayarin na Kano, kan maganar soket

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen gidana shugabannin ƙungiyoyinmu na masu aikin wayarin, da duk wani oga da yake da yara suna koyon aiki a hannunsa, da ku ƙannena da aka yaye kwanan nan kuka fara karɓar aiki da kanku, ina gaishe ku, ya aiki, ya haƙuri da tsadar kaya. Allah ya sa wa sana'armu albarka.

Ni ɗan cikinku ne, da filaya da tasta nake ciyar da iyalina, saboda haka maganar da zan yi ba ta ɗan kallo bace. Na zaɓi in yi ta a fili maimakon in jira ranar mitin ne saboda masu gidajen da muke wa aiki su ma ya kamata su ji, don rabin matsalar daga wajensu take tasowa.

Maganar soket ce ta kawo ni. Na san wani zai ce haba, duk matsalolin da suka dame mu a rasa abin rubuta wasiƙa sai soket, abin da yaro ɗan wata uku a wajen koyo yake ɗaurawa. Toh ai nan ne matsalar take, mun mayar da shi aikin yara, oga yana wajen mita ko yana waya da wani kwastoma, yaro ne yake bin ɗakuna yana ɗaura soket ba mai dubawa, alhali duk wayarin ɗin gida babu inda hannun mutum yake kaiwa kullum kamar nan. Uwargida nan take jona dutsen guga, yaro nan yake cajin waya, jariri mai rarrafe nan yake kai yatsa.

Soket ɗin da muke amfani da shi a Najeriya irin na Ingila ne, mai ƙofa uku, mai ɗaukar amfiya 13 a kan wuta mai bolt 230. Ƙofa uku waya uku take nufi, layif mai kawo wuta da nutural mai mayar da ita da wayar ƙasa wato at. Amma dan Allah ku faɗi tsakaninku da Allah, cikin gidajen da ake kiranku gyara a unguwanninmu, guda nawa ne idan kun kwance soket kuke tarar da waya uku a ciki? Yawanci biyu ne, gurbin wayar ƙasa ɗin nan na sama mai alamar E ko sukurunsa ba a taɓa juyawa ba tun daga kamfani. Kuma abin da ya sa ake ci gaba da yin haka shi ne ba a ganewa, fanka zata juya, talabijin zata kama, firji zai yi sanyi, mai gida ya biya kuɗi yana sa albarka. Wayar ƙasa bata aikin komai sai ranar da wani abu ya lalace. Ranar da fatar waya ta goge a cikin firiza ko dutsen guga, layif ya taɓa jikin ƙarfen, idan akwai at wutar zata bi ta can da ƙarfi ta sa fiyus ya ƙone ko bireka ta faɗi, kowa ya tsira. Idan babu, ƙarfen nan zai zauna ɗauke da wuta yana jiran wanda zai taɓa, kuma a gidajenmu wanda zai taɓa ɗin mace ce da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi a kan siminti, ko yaron da aka aika ya ɗauko ƙanƙara.

An taɓa kirana wani gida, matar gidan tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo, aka ce firiza tana ɗan ja. Da na tambaya tun yaushe sai aka ce ai an daɗe, har sun saba, tsumma suke sawa su buɗe, yaran kuma an ce su riƙa sa silifas. Na ɗora mita tsakanin jikin firizar da ƙasa na ga abin da na gani jikina ya yi sanyi. Gida ne sabo mai tayil da silin na zamani, amma ko waya ɗaya ta at babu a cikin bango. Wanda ya yi wannan aikin ɗan sana'armu ne, wani oga ne ya koya masa kuma ya yaye shi. Kalmar nan ta "yana ɗan ja" da mutanenmu suka ɗauka ba komai ba, mu da muka san aiki bai kamata mu ji ta mu yi shiru ba.

Sannan akwai waɗanda suke saka koriyar wayar nan ta at don ido, ta fito daga soket ta je akwatin bireka ta tsaya a nan, babu rodin da aka kafa a ƙasa, ko kuma an samu guntun rodin gini an soka a gindin katanga an naɗa waya a kai da hannu. Wannan ba at bane. Rodi na gaske mai rufin jan ƙarfe ake kafawa, a ɗaure waya da kilam ba naɗi ba, a bar wajen yadda za a iya buɗewa a duba ba a zuba masa kankare a manta ba. Kuma mu nan arewa sai mun fi kowa kula da wannan, saboda ƙasarmu tana bushewa ƙayau daga hunturu har bazara, busasshiyar ƙasa kuwa bata karɓar wuta da kyau, rodin da ya yi aiki a watan Agusta ba lalle ya yi a watan Maris ba. Shi ya sa ake neman wuri mai danshi a zurfafa, in ɗaya bai isa ba a ƙara na biyu a haɗa su. Gishiri da gawayin da muka gada suna taimakawa, amma gishiri yana cin rodin a hankali kuma ruwa yana wanke shi, ba abu bane na har abada. Masu ɗaurawa a jikin famfo kuma su tuna yanzu bututun roba ake sawa a yawancin gidaje.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne dabarar nan ta ɗauko 'yar guntuwar waya a haɗa N, wato gurbin nutural, da E a bayan soket a ce an yi at. Dan girman Allah duk ogan da yake koya wa yara wannan ya daina. Mu da muka san yadda nutural yake tsinkewa a layukanmu, ko ya kwance a kan fol, ko ɓarayin waya su yanke shi, ranar da hakan ta faru duk wani abu mai jikin ƙarfe da aka jona a wannan soket zai ɗauki wuta gaba ɗaya. Gara ka gaya wa mai gida gaskiya cewa gidansa babu at ya san matsayinsa da ka yi masa wannan.

Akwai kuma abin da nake ganin ko a cikinmu ba kowa ya fahimta ba, bambancin bireka ta yau da kullum da wadda ake kira RCD ko ELCB. Bireka mai amfiya 20 aikinta ta kare waya kar ta yi zafi ta kama, sai wuta ta wuce amfiya 20 take tunanin faɗuwa. Shi kuwa ɗan Adam abin da zai hargitsa bugun zuciyarsa bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Kenan mutum zai iya maƙalewa a jikin waya har rai ya yi halinsa bireka tana nan a tsaye bata san ana yi ba. RCD ita kuma auna wutar da ta fita ta layif take da wadda ta dawo ta nutural, da ta ga bambanci ya kai miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya, ta san wuta tana zurarewa ta wani wuri, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Me zai hana mu mayar da ita dole a layin soket na duk gidan da muka yi? Na san abin da ake cewa, wai tana yawan faɗuwa tana damun mutane, har wasu su cire ta su haɗa kai tsaye. In tana faɗuwa ai magana take maka, akwai inda wuta take zuba, ko danshi a cikin bango ko hita da ta fashe ko an cakuɗa nutural na layi biyu, aikinka ne ka nemo. Kuma a nuna wa mai gida maɓallin gwajin da yake jikinta ya riƙa dannawa lokaci-lokaci ya tabbatar tana faɗuwa.

Sai maganar juya waya. Ja ko ruwan ƙasa shi ne layif ya tafi L, baƙi ko shuɗi nutural ya tafi N, kore ko kore da rawaya ya tafi E, kala biyun duk suna yawo a kasuwarmu, tsohon tsari da sabo. Yaro zai ce maka oga ai ko ta ina aka sa yana kawowa. Eh yana kawowa, amma makunnin da yake jikin yawancin soket layif kaɗai yake yankewa, fiyus ɗin cikin filogi shima a kan ƙafar layif yake, idan ka juya su mutum zai kashe soket ya ɗauka ya kashe wuta alhali tana nan kwance cikin kayan. Wannan minti ɗaya ne gwada shi bayan an gama.

Inda gobara take fitowa kuwa, a abin da na gani da idona, ba wani wuri bane mai nisa, sukurun nan ne na bayan soket. Waya in bata ɗauru tam ba wajen yana yin zafi duk lokacin da aka ɗora kaya mai nauyi, zafin ya ƙara sassauta ta, sassautawar ta ƙara zafi, a haka a haka har roba ta fara narkewa. Kafin ta kama tana ba da alama, fuskar soket ta yi baƙi-baƙi ta gefen ƙafa ɗaya, ko a ji ƙauri, ko a ji yana ƙara ƙasa-ƙasa, ko a zare filogi a ji ƙafarsa da zafi. Ku koya wa yara su fere waya daidai misali, kar su yanke silin ciki da wuƙa su bar rabi, kar tsiraicin waya ya leƙo waje, kar kuma sukuru ya danne roba maimakon ƙarfe, a ɗaure sannan a ja da hannu a ji ko zata fito. Haɗin da ake murɗawa a naɗe da baƙin tef a tura cikin bututu a shafe da filasta, wannan shi ne wanda ba mai sake ganinsa sai ranar da hayaƙi ya fito ta bango. Duk haɗi ya zama cikin akwati da kanekta inda za a iya buɗewa. Kuma kafin a taɓa komai a kashe daga babban makunni a gwada, a fara gwada tastar ma a inda aka san akwai wuta, don yanzu gidaje da yawa suna da sola da inbata, an ɗauke wutar layi ba yana nufin soket ya mutu ba.

Waya kuma, kowa ya san ƙa'ida, 1.5mm ta fitila da fanka ce, soket 2.5mm, esi da hitar wanka da kukar girki a ja musu nasu layin daban da 4mm ko sama da haka gwargwadon nauyinsu da nisan wurin. Amma sai ka ga an ce a ƙara soket a ɗakin amarya, yaro ya leƙa ya ga makunnin fitila kusa, ya tsotso daga nan, wani ma da 'yar lallausar wayar nan ta rediyo. Amarya kuma ta zo da dutsen guga da butar lantarki da hita. Ku lissafa, soket mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3000. A ce dutsen guga wat 1200, buta 2000, hitar dafa ruwa 1500, an jera su a kan istanshan ɗaya da asubar hunturu saboda an kawo wuta ana sauri kafin a ɗauke, wat 4700 kenan, ya haura amfiya 20 ta ƙofa ɗaya. Ga shi ƙarfin da ake rubuta wa waya an auna shi ne a zafin digiri 30, mu kuwa a Afrilu muna haura 40 a inuwa, balle cikin silin ƙarƙashin kwano. Robar jikin waya ta PVC digiri 70 aka yi ta ta jure. Ga kuma wutar da take zuwa ba ƙarfi, wadda take sa injin firji da na famfo su ja fiye da ƙa'idarsu. Duk wannan cewa yake mu nan ƙara kaurin waya ya kamace mu ba ragewa ba.

Balle a zo ga jabu. An rubuta 2.5 a jiki, ka fere ka ga ko 1.5 bata cika ba, roba ce aka kumbura. Wata kuma alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankara da wuƙa ka ga fari, ka ɗaga kwayil ɗin ka ji ba nauyi, ka kara mata ashana ta lanƙwashe ta marmashe. Alminiyam bata iya ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kaurinta yake ɗauka, kuma tana saki a ƙarƙashin sukuru bayan an ɗaure. Mai gida bai san wannan ba, mu muka sani, mu ake ba kuɗi a ce je Sabon Gari ka sayo. Wanda ya karɓi kuɗin mai kyau ya sayo jabu ya sa aka rubuta masa rasit na mai kyau, ya sani amana ya ci, kuma hadisin nan da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu bai tsaya kan masu sayar da hatsi kaɗai ba. Abin takaici muna da kamfanonin waya a ƙasar nan irin su Cutix da Coleman da Nigerchin, ba sai an je wata ƙasa ba, sai dai a kula don har sunan masu kyau ake bugawa a jikin jabu, a sayi kaya wajen dilan da aka sani.

Janareta ma ta soket take kashe mutane. Wayar nan mai filogi kai biyu da ake jona ɗaya a inji ɗaya a soket ɗin bango don a huta sayen canjoba, makunnin da yake raba wutar inji da ta layi, ƙafafun filogin da yake hannunka tsirara suke ɗauke da wuta, in kuma aka manta ba a cire fiyus na waje ba wutar injin zata koma kan layi ta samu ma'aikacin da ya hau fol yana ganin an ɗauke wuta. Kar ɗayanmu ya ƙara haɗa wa wani irin wannan waya ko nawa zai biya. Haka cusa tsinke ko murfin biro a ƙofar sama don a tura filogi mai ƙafa biyu, da tura tsirarar waya a danne da ashana, ƙyauren nan na cikin soket saboda yara aka yi shi, in an karya shi an gama. A yanke kan a sa filogi mai ƙafa uku mai fiyus, ko a sayi adafta mai kyau.

Ku kuma alhazai masu gini da masu gidan haya, ranku ya daɗe, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Za ku kashe kuɗi a tayil da fenti da ƙofar waje ba ku nemi ragi ba, amma da an zo wayarin sai a tara mutum uku a ba wanda ya fi araha, in mai gaskiya ya rubuta kwayil na koriyar waya da rodi da RCD sai a ce yana son cin kuɗi ne, wane ya ce zai yi da rabin haka. Zai yi ɗin, ta hanyar cire abin da ba kwa gani. Araha bata ado. Kuma ku riƙa yarda a sa soket isassu a kowane ɗaki tun ana gini, ɗaki mai soket ɗaya shi yake haifar da istanshan a kan istanshan a bayan labule da ƙarƙashin katifa. Kafin a yi filasta ku zo ku ce a nuna muku waya uku a kowane akwati, ku ce a kai ku inda aka kafa rodi, haƙƙinku ne.

Abin da nake roƙo a wajenku shugabanni ba mai yawa bane kuma bai fi ƙarfinmu ba. Kar a ƙara yaye yaro don kawai ya cika shekaru ya kawo goro da lemo, a sa shi a gaban manya biyu ko uku waɗanda ba ogansa ba ya ja layin soket tun daga bireka, ya kafa at, ya gwada da mita ba da tasta kaɗai ba, ya kuma yi bayanin dalilin kowace waya da bakinsa. In ya kasa ya koma, ba abin kunya bane. A tura yaranmu su yi tired tes, wato jarrabawar sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, manyanmu kuma su nemi shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa kuma ta ɗora mata duba ingancin aikin lantarki da tantance masu yinsa, don ranar da aka fara tsananta tambayar takarda kar a ture mu gefe a ba wasu aikin garinmu. Mu sa wa kanmu ƙa'ida cewa duk ɗan ƙungiya zai rubuta wa mai gida kaurin waya da sunan kamfaninta a takardar kiyasi ya sa hannu, yadda in an samu saɓani za a san wa za a kama. In mun ga dilan da yake shigo da jabu mu kai maganarsa hukumar SON mai kula da ingancin kaya a ƙungiyance, mutum ɗaya tsoro zai ji amma ƙungiya ba wanda zai rufe mata baki. Kuma mu nemi fili a gidajen rediyonmu kafin sanyi ya shigo mu yi wa mata bayani da Hausa kan hita da istanshan da alamomin soket mai shirin kamawa, da kashe komai in an ɗauke wuta kafin a kwanta ko a fita, don 'yan kwana-kwana su kaɗai suke wannan faɗakarwar duk shekara alhali mu muka fi kowa sanin abin da yake cikin bango.

Na san wanda ya ƙi yin aikin waya biyu zai rasa wasu ayyukan, wani zai karɓa a bayansa, shi ya sa nake kawo maganar gabanku don in mun haɗu a kai ba wanda za a samu ya karya. Ina roƙon a sa ta cikin abin da za a tattauna a zama na gaba, kuma a gayyato dilolin kayan wuta ko mutum biyu ne su zauna da mu.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da waɗanda muke wa aiki.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a, daga Kano.